Awo, Tattaki, Tukunya ko Allura: Da Wanne Unguwa Za Ta Fara Yaƙi da Ƙiba a Zariya?

Kusan kowace unguwa a Zariya tana da wata ƙungiya da ke tara ɗan kuɗi domin aikin gayya, ko ta ci gaban unguwa, ko kwamitin masallaci, ko zumuntar mata a coci, ko tsofaffin ɗaliban wata makaranta. A 'yan shekarun nan maganar hawan jini da ciwon suga ta shiga cikin abin da ake tattaunawa a zamansu, kusa da yashe kwalbati da gyaran rijiyar burtsatse, domin babu wanda bai san gidan da maigida ya yanke jiki ya faɗi, aka kwashe shi zuwa asibitin koyarwa na Shika, ya dawo da shanyewar ɓarin jiki ba, ko wata uwa da gyambon suga ya ci mata yatsan ƙafa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ƙiba, wadda ke ƙarƙashin da yawa daga cikin waɗannan cututtuka, saboda a wurinmu tumbi alamar hutu ne, matar da ta murje bayan aure kuwa shaida ce cewa mijinta ya iya kiwo. Ƙungiyar da ta ƙudura taɓa wannan matsala tana da hanyoyi huɗu a gabanta: ta shirya ranar awo kyauta, ko ta kafa ayarin masu tattaki, ko ta shiga gidaje da maganar tukunya da abin sha, ko ta taimaka wa mutane su sami magani. Kuɗinta da ƙarfin 'ya'yanta ba za su ɗauki dukkan huɗun daidai wa daida ba, saboda haka dole ta san wadda za ta sa gaba.

Akwai tambayar da wani dattijo zai jefo tun kafin a yi nisa, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa: yaya za a zauna ana maganar ƙiba a lokacin da mudun masara ke gagarar magidanta? Gaskiyar ita ce matsalolin biyu tare suke zaune, wani lokaci ma a cikin gida ɗaya. Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko sun kai matakin ƙiba, kashi 12 kuma ramammu ne, alhali a yankinmu na Arewa maso Yamma fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Talauci ba ya kare mutum daga ƙiba, domin abin da ya fi araha wajen cika ciki shi ne gari da mai da sukari, nama da kifi da ƙwai da 'ya'yan itace kuwa su ne ake fara zubarwa daga cefane idan aljihu ya yi sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba, kuma yawanta tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990.

Ranar awo ita ce zaɓin da ya fi saurin samun amincewar kowa, kuma tana da amfanin da ba a musantawa. Likitoci suna auna ƙiba da lissafin da ake kira BMI, wato a ɗauki nauyin mutum a kilo a raba da tsayinsa a mita, sannan a sake rabawa da tsayin. Idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya wuce kima, idan ya kai 30 an shiga ƙiba. Namiji mai tsayin mita 1.70 ya shiga ƙiba ke nan da zarar ya kai kilo 87, mace mai mita 1.60 kuma da kilo 77. Akwai awon da ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi nuna kitsen ciki, wanda shi ne ya fi haɗari ga zuciya da hanta: a ɗauko tef irin na tela a zagaya ciki da shi wajen saitin cibiya. Namijin da ya haura santimita 102 da macen da ta haura 88 suna cikin haɗari babba, ko da yake tun daga 94 ga maza da 80 ga mata ake fara jan kunne. Wanda ba ya son riƙe lambobi sai ya riƙe ƙa'ida ɗaya, cewa zagayen cikinsa kada ya kai rabin tsayinsa. Idan aka haɗa wannan da awon jini da ɗan tsire yatsa domin duba suga, ana gano mutanen da suka daɗe suna yawo da hawan jini ba su sani ba, tun da ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna.

Matsalar ranar awo ita ce washegari. An kafa rumfa, an rataya kyalle mai sunan ƙungiya, an ɗauki hotuna, an ba kowa 'yar takarda da lambobinsa, sannan kowa ya koma gida ya tarar da tuwon da ya bari jiya. Awo ba ya rage wa kowa ko da rabin kilo, kuma mutumin da aka ce masa jininsa ya hau, amma ba a haɗa shi da ma'aikacin lafiyar da zai riƙa bibiyarsa ba, an ƙara masa fargaba ne kawai, wata ƙila ma an tura shi hannun mai tallan magani a bakin kasuwa. Saboda haka kuɗin hayar rumfa da kujeru da lasifika sun fi amfani idan aka sayi sikeli da tef da na'urar awon jini aka ajiye su a unguwa, ana fito da su sau ɗaya a wata, da fahimtar juna tsakanin ƙungiya da ƙaramin asibitin mazaɓa game da inda za a tura wanda lambobinsa suka yi sama. Masu buƙatar babban likita suna da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, to amma yawancin aikin ba ya buƙatar a je can.

Tattaki shi ne zaɓin da matasa da ma'aikata suka fi so, kuma yana da fa'idar cewa ba ya cin ko kwabo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane babba ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wato irin tafiyar da za ta sa mutum ya ɗan yi haki amma yana iya magana, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Rabin awa sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin. Iyayenmu ba su san wannan lissafi ba, amma rayuwarsu ta ba su fiye da haka: namiji yana taka keke daga cikin birni zuwa Sabon Gari ko ya tafi gona a ƙasa, mace tana surfe da daka da jan ruwa a rijiya. Yau inji ya karɓi aikin turmi, acaɓa da Keke Napep sun karɓi aikin ƙafa, har ta kai ana hawa babur domin nisan da bai wuce kiran salla ba, ɗan kasuwa kuma yana iya wuni a kan benci tun hantsi har magariba, abinci yana iske shi a inda yake.

Amfanin tattaki ga lafiya tabbatacce ne. Yana sauke hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana gyara barci, kuma yana yin duk wannan ko da sikeli bai motsa ba. A wani bincike da aka fara a 1986 a birnin Da Qing na ƙasar Sin, an bi mutum 577 da sugansu ya fara hawa har tsawon shekara shida, sai aka tarar cewa waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 46 cikin 100, waɗanda aka gyara wa abinci kuma da kashi 31. Sai dai idan ana maganar rage nauyi ne, tattaki shi kaɗai yana da rauni, kuma lissafin ba ya da wuya. Mutum mai kilo 80 da ya yi rabin awa yana tafiya da sauri yakan ƙona wajen kalori 150, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da wajen kalori 200. Wanda ya yi tattakinsa bayan asuba, ya biya ta teburin mai shayi ya sha kauri da biredi da wainar ƙwai, ya mayar da abin da ya ƙona har da riba, ga shi kuma motsa jiki yana buɗe ciki.

Akwai kuma tambayar wanda tattakin zai isa gare shi. Malamin jami'a a Samaru ko ma'aikaci a Kongo yana da fili da tituna masu inuwa a harabar makaranta, kuma ba wanda zai kalle shi don ya sa takalmin gudu. Hajiya mai shekara 50 a Kwarbai ko Limancin Kona, wadda fitarta ta Islamiyya ce da asibiti da barka da gaisuwar mutuwa, ba za ta shiga ayarin tattaki a kan titi ba, alhali mata ne ƙiba ta fi kamawa. Manyan titunan gari, irin wanda ya tashi daga Kwangila zuwa Samaru, na motoci ne da babura, mai tafiya a ƙasa yana raɓe ne a gefe. Zafin Maris da Afrilu, da ruwan Agusta, da ƙurar hunturu kowanne yana korar wasu, matsalar tsaro kuma ta sa ba kowa ke son nufar bayan gari da duhun asuba ba. Wanda ƙiba ta riga ta cinye wa gwiwa ma ba ya jure doguwar tafiya. Ayarin tattaki yakan fara da cika, ya ƙare da mutanen da dama can su ne masu ƙarancin buƙatarsa.

Hanya ta uku, wato tukunya da abin sha, ita ce ta fi wuyar farawa, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar ƙarfin ƙungiya, domin nauyin jiki ya fi bin abin da ya shiga baki a kan abin da ƙafa ta ƙona, kuma tukunya ɗaya tana ciyar da mutum goma, har da waɗanda ba za su taɓa zuwa rumfar awo ko filin tattaki ba. A fara da mai. Kowane giram na mai yana da kalori 9, na gari ko sukari kuma 4, saboda haka babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kuma a nan manja da man gyaɗa da man shanu duk ɗaya suke. Kwalbar mai mai cin kashi uku cikin huɗu na lita tana ɗauke da fiye da kalori 6,000. Idan gida mai mutum goma yana ƙarar da ita cikin kwana uku, kowa yana shan wajen kalori 200 a rana daga mai kaɗai, kafin a lissafa ƙosai da fanke da awara da soyayyen dankalin da ake sayowa daga waje. Gidan da ya ja kwalbar nan ta kai kwana biyar ya rage wa kowa abin da ya kai rabin tattakin rabin awa a kullum, ya kuma rage kuɗin cefane, wanda shi ne hujjar da maigida ya fi saurin ji.

To amma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san cewa mai ya wuce maganar ɗanɗano. Miyar da mai bai taso ya kwanta a kanta ba ana ɗaukarta shaidar rowa ko rashin iya girki, kuma a gidan da ake da mata biyu ko uku, babu wadda za ta yarda ranar girkinta ta zama ranar da miya ta fito fayau alhali ta abokiyar zamanta tana ƙyalli. Haka nan a wurin ciyayya, inda magidanta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba, kowane kwano wakilin gidan da ya fito ne. Shi ya sa nasihar da aka yi wa mace ita kaɗai ba ta zuwa ko'ina. Sai maigida ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa, cewa shi ne ya nemi a rage man, sannan mai girki za ta sami kariya daga gori. Wannan aiki ne na mimbari da majalisa kafin ya zama na madafi, kuma limamai suna da abin faɗa a hannu, tun da kowa ya san hadisin da ya kasa ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, da ayar da ta ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna.

Sukari ya fi mai sauƙin kamawa, domin yawancinsa a ruwa yake shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wato wajen giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta rabin lita takan cinye wannan kaso gaba ɗaya. Abin shanmu na gida bai tsira ba: zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da lamurje da fura da nono duk lafiyayyu ne a asalinsu, amma hannun da ke zuba musu sukari ba ya awo, kuma mazarƙwaila ko zuma da wasu ke komawa gare su sukari ne su ma a wurin jiki. Abin da ya sa sukarin ruwa ya fi ɓarna shi ne ba ya ƙosarwa, mutum zai shanye kalori 200 ya kuma ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, wato naira 5 a kan kwalbar rabin lita, adadin da ba zai sa kowa ya fasa saye ba. Unguwa ba ta iya sa haraji, amma tana da abin da gwamnati ba ta da shi, wato ikon ƙayyade al'ada. Kamar yadda ake haɗuwa a rage tsadar kayan biki, haka za a iya yarda cewa a walima da suna da taron ƙungiya ruwa ne za a fara ajiyewa, zoɓo kuma a kawo shi da sauƙin zaƙi.

Game da tuwo da shinkafa, maganar ta yawa ce da kuma abin da ke gefensu. Ba a buƙatar a kawo wani baƙon abinci, ballantana a ce wa magidanci ya sayi tufa da inabi. Faten da ake tsokanar Zage-zagi da shi, idan ya sha rama ko alayyafo da yakuwa da gauta da wake, kuma ba a malale shi da mai ba, yana cikin abinci mafi dacewa da mai son rage nauyi, domin ruwa da ganye sun cika shi, yana ƙosarwa da ɗan tsaki kaɗan. Haka kwaɗon zogale da na rama, da ɗanwake idan an tausaya masa wajen mai, da wake da kansa. Dawa da gero da ba a surfe su har suka yi fari fat ba sun fi farar shinkafa da fulawa da taliya riƙe ciki, dusar da muke ba awaki kuwa ita ce ɓangaren da ke rage saurin hawan suga. Sai dai kada a ruɗi kai, malmala uku ta tuwon dawa malmala uku ce. Abin da ake nema shi ne ganye da miya su ƙaru, malmala ta ragu, kuma mai ƙiba ya riƙa zuba nasa a kwanonsa, domin wanda ke ci a tire ɗaya da mutum biyar ba zai taɓa sanin iyakar abin da ya ci ba. Gishiri da dunƙule ba sa sa ƙiba, amma tun da hawan jini ake gudu, ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma daddawa tana rage buƙatar dunƙule.

Raunin wannan hanya a fili yake. Ba ta da ranar buɗewa, ba ta da hoto, sakamakonta kuma sai an yi watanni kafin a gan shi. Tana taɓa sirrin gida, saboda haka namiji baƙo ba zai iya yin ta ba, sai mata da kansu, ta hanyar malaman Islamiyya da ungozomomi da shugabannin adashi da zumuntar mata. Farashin kayan lambu ma yana hawa da sauka: da rani fadamun Galma suna cika kasuwa da tumatir da karas da kabeji da latas, da damina kuma tumatir ya yi tsada, sai a koma ga zogale da rama da tafasa da kuɓewa. Wanda zai koyar da wannan dole ya san kasuwa kamar yadda ya san lissafin kalori, in ba haka ba matan za su saurare shi da ladabi su tashi.

Hanya ta huɗu ita ce magani, kuma a nan akwai abubuwa uku da ba su da alaƙa da juna sai ta suna. Na farko shi ne allurar semaglutide, wadda kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke sayarwa da sunan Ozempic domin ciwon suga, da kuma Wegovy domin ƙiba. Tana aiki da gaske: a gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin ta sau ɗaya a mako sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, abin da gyaran abinci kaɗai ba kasafai yake kaiwa ba. Amma da aka bi waɗanda suka daina, an tarar sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara ɗaya, wato magani ne na dogon zango. Kuɗin wata ɗaya ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, tana buƙatar firji a garin da wuta ba ta da tabbas, tana kawo tashin zuciya da amai ga wasu, ba a yi wa mai ciki, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabunta da aka kama a wasu ƙasashe. Wannan magana ce tsakanin mutum ɗaya da likitansa, kamar tiyatar rage tumbi da ake yi wa masu matsananciyar ƙiba. Asusun ƙungiyar unguwa ba zai ɗauki ko mutum ɗaya na tsawon shekara ba.

Na biyu shi ne shayin rage ƙiba da garin maganin da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da bakin tasha. Da yawansu filasko ne ko wani abin sa zawo da fitsari, sikeli ya sauka saboda ruwan jiki ya fita, kitse yana nan inda yake, ƙoda kuma ta sha wahala. An sha kama irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe dabam-dabam ɗauke da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Na uku kishiyar wannan ne, kuma shi ne ya fi kusa da mu: ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare ke sha domin su ciko kafin biki. Galibi dexamethasone ne da cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska da ciki, yana hawar da suga da jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe tana shan sa ba ta dainawa farat ɗaya sai a hankali a hannun likita. A nan ne kaɗai ƙungiya ke da aiki a ɓangaren magani, aiki mai araha kuwa: ta zauna da masu kemis na unguwa, da mai unguwa a wurin, a yi alkawarin daina sayar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba, a kuma kai rahoton kayan da ba su da lambar NAFDAC.

Idan aka jera su, tukunya ce ta fi rage nauyi kuma ta fi isa ga mata, tattaki ya fi ta wajen kare zuciya da suga kai tsaye, awo shi ne ke nuna wanda za a fara da shi, magani kuma na ɗaiɗaikun mutane ne. Babban gwajin da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna abin da haɗa gyaran tukunya da tattaki ke iya yi. An raba mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, aka nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu ta hanyar abinci tare da tafiyar minti 150 a mako, aka ba wani rukuni ƙwayar metformin ta ciwon suga. Cikin kusan shekara uku, haɗarin ya ragu da kashi 58 cikin 100 a rukunin farko, da kashi 31 a na biyu. Kashi 7 ga mai kilo 90 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba, wato ba a nemi kowa ya koma siririn saurayi ba, kuma wannan yana da muhimmanci a wurin da rama ke jawo tambayar ko lafiya. Abin lura shi ne mutanen can ba lacca ɗaya aka yi musu aka sallame su ba, zama 16 aka yi da kowannensu a cikin wata shida na farko, ana duba nauyinsa ana tambayarsa abin da ya ci. Ƙungiyar unguwa ba ta da kuɗin masu binciken Amurka, amma tana da abin da su sai da suka biya kafin su samu, wato mutanen da tun asali suke haɗuwa kowane mako.

Tsarin zai bambanta daga unguwa zuwa unguwa. A cikin birni da Tudun Wada, inda gidaje ke da yawan jama'a kuma mata ba su cika fita ba, ƙarfin ya tafi ga tukunya ta hanyar Islamiyya, motsa jikin mata kuma ya kasance a tsakar gida ko harabar makaranta tsakaninsu. A Sabon Gari, inda 'yan kasuwa ke cin abincin rana a shago, lemo da soye-soye ne abin fara kamawa, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun fi kwamitin unguwa isa gare su. A Samaru da Kongo da Hanwa, inda ma'aikatan ofis suka fi yawa, ayarin tattaki zai iya ɗorewa, muddin an gaya wa masu yin sa gaskiyar lissafin shayin da ke biyo baya.

Ko wanne aka zaɓa, akwai waɗanda ba a sa su a shirin rage nauyi sai da izinin likita: mai ciki, da mai shayarwa a watannin farko, da mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke iya faɗar da suga, da mai ciwon ƙoda, da wanda ke jin ciwon ƙirji ko numfashinsa ke sarƙewa idan ya yi 'yar tafiya. Wanda kuma ke ramewa ba tare da ya rage ci ba, asibiti za a tura shi maimakon a yi masa barka, domin suga da tarin fuka da ciwon daji duk suna iya farawa da haka. Mata su auna mata a bayan labule, littafin da ake rubuta nauyi ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce, kuma kada a karanta lambar kowa a bainar jama'a, domin dattijon da aka yi wa dariyar tumbi sau ɗaya a gaban yaran unguwa ba zai sake hawa sikelin ba.